Binciken da ake yi a kan ɓeraye: shin bakin gagai da aya na ƙara haihuwa, dogonyaro da 'ya'yan gwanda kuma na kashe ta?

"Assalamu alaikum. Ni mazaunin Jos ne, shekarata uku da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. An duba matata an ce lafiyarta ƙalau. Ina yawan ganin rubuce-rubuce cewa bincike ya tabbatar bakin gagai da aya da dabino suna ƙara maniyyi, wasu kuma su ce dogonyaro da 'ya'yan gwanda da zoɓo suna kashe shi. Da na duba sai na ga duk a kan ɓeraye aka yi gwajin. Ni kuma na saba shan jiƙon dogonyaro idan zazzaɓi ya kama ni. Shin abin da aka gani a ɓera zai faru ga mutum? In fara shan waɗancan, in bar waɗannan?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka. Tambayarka ta ƙunshi abu biyu: nauyin da ya kamata a ba sakamakon gwajin ɓera, da kuma matakin da ya dace mai shekara uku yana jiran haihuwa ya ɗauka. Amsar ta farko a taƙaice ita ce, gwajin ɓera ya fi amfani a matsayin gargaɗi fiye da alkawari. Idan tsiro ya lalata marainan ɓera, wannan dalili ne na yin hattara. Idan kuwa ya ƙara wa ɓera ƙwayoyin maniyyi, abin da aka samu kawai shi ne hujjar ci gaba da bincike. Don ka ga abin da ya sa, sai ka san yadda ake yin aikin tun daga daji har teburin gwaji.

Yadda ake gudanar da gwajin

Ana fara da tantance tsiron. Mai bincike a Jos yakan kai samfurinsa wurin masana tsirrai, kamar na Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan garin, na Abuja kuma ya kai cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu, a tabbatar da sunansa na kimiyya, a ajiye busasshen samfuri da lamba. Wannan mataki ba ado ba ne. Suna ɗaya na Hausa yakan hau tsirrai biyu ko uku, ga shi saiwa idan ta bushe aka daka ta, ko mai sayarwa ba lallai ya bambance ta ba.

Daga nan a shanya a inuwa, a niƙa, a jiƙa garin cikin ruwa ko sinadarin etanol ko metanol na awa 48 zuwa 72, a tace, a ƙafar da ruwan a zafin da bai wuce kusan digiri 40 ba, har a samu wani abu mai kauri kamar maɗi ko kuma gari. Wannan tataccen abu shi ake aunawa a ba dabba. Ka lura da kyau a nan: kilo guda na ganye yakan ba da ɗan ƙanƙanin tatacce, kuma abin da metanol ya janyo daga ganye ya bambanta da abin da ruwan zafi zai janyo a tukunyar gida. Saboda haka "an ba ɓera ganyen kaza" da "na sha jiƙon ganyen kaza" maganganu biyu ne daban.

Ɓerayen da aka fi amfani da su farare ne na jinsin Wistar, balagaggun maza masu nauyin giram 150 zuwa 250, waɗanda ake kiwo a ɗakunan dabbobi na jami'o'i da cibiyoyi irin su cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom. Akan fara da gwajin guba na gaggawa, yawanci da tsarin Lorke na 1983, don a san adadin da ke kisa. Sai a raba ɓerayen rukuni-rukuni, galibi biyar ko shida a kowane rukuni: ɗaya a ba shi ruwa zalla don kwatance, sauran a ba su miligiram 100 ko 200 ko 400 a kan kowane kilo na nauyin jiki. Ana ɗura maganin kullum da wata lanƙwasasshiyar allura mai dunƙulen baki da ake zurawa ta maƙogwaro zuwa ciki. Idan hannu bai ƙware ba, ruwan ya bi hanyar iska ya shiga huhu, ɓeran ya mutu ko ya rame, a zo a ɗora wa tsiron laifin da ba nasa ba.

Ranar ƙarshe a kashe ɓerayen ta hanyar da kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, a ɗibi jini, a auna nauyin maraina, a yanko wutsiyar wata murɗaɗɗiyar hanya da ke manne da maraina inda ƙwayoyin maniyyi ke nuna su taru, wato efididimis. A tsattsaga ta cikin ruwan gishiri mai ɗumin digiri 37, a ɗiga a gilashi, a duba kashi nawa ke motsi, a ƙirga yawansu a gilashin ƙirga na Neubauer, a rina da eyosin da nigrosin don raba masu rai da matattu, a duba masu karyayyiyar wutsiya ko gurɓataccen kai. A Jos wannan mataki yana da nasa tarko. Ƙwayar maniyyi ba ta jure sanyi, kuma da safiyar hunturu gilashin da ke kan tebur yakan yi sanyi ƙarara. Idan ba a ɗumama gilashin da ruwan gishirin ba, ko aka bar samfurin rukuni na huɗu yana jira ana aiki a kan na farko, motsi zai faɗi ƙasa, takarda kuma ta fito tana cewa tsiron ya rage motsin maniyyi. Haka naman maraina: idan aka tsoma shi a fomalin na yau da kullum, wato ruwan da ake adana nama a ciki don kada ya ruɓe, yakan tsuke, bututun cikinsa su rabu da juna, mai dubawa ya ɗauka lahani ne. Ruwan Bouin ko na Davidson ya fi dacewa da shi.

Inda sakamakon ke yaudarar mai karatu

Abu na farko shi ne tsawon lokaci. Ƙwayar maniyyin ɓera tana ɗaukar kusan kwana 52 kafin ta kammala samuwa a cikin maraina, sannan ta ƙara mako ɗaya zuwa biyu a efididimis. Ta mutum tana ɗaukar kusan kwana 74. To, bincike da yawa kwana 14 ko 21 ko 28 kawai ake yi, saboda ɗalibi na da wa'adin kare aikinsa, abincin ɓeraye kuma ya yi tsada. Ƙwayoyin da aka ƙirga a rana ta 21 sun fara samuwa ne tun kafin ɓeran ya ɗanɗana maganin. Irin wannan gwaji zai iya nuna tasiri a kan ƙwayoyin da ke ajiye ko waɗanda suka kusa nuna, amma bai isa ya ce tsiro ya ƙara ƙera maniyyi ba. Shi ya sa ƙa'idojin OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, na cikakken gwajin haihuwa suka tanadi a ba namijin ɓera abin gwaji na mako goma kafin a haɗa shi da mace.

Na biyu, yawancin binciken da ke cewa tsiro "ya gyara" maniyyi, sai da aka fara lalata marainan da gangan. A ba ɓera gubar dalma ko kadmiyom, ko maganin ciwon daji, ko a sa masa ciwon suga da sinadari, sannan a ba shi citta ko zogale ko aya a ga ɓarnar ta ragu. Sakamakon na iya zama gaskiya, domin waɗannan tsirrai na ɗauke da sinadaran da ke rage irin tsatsar da guba ke yi wa ƙwayoyin jiki. Sai dai ma'anarsa ita ce sun rage illar wata guba takamaimai. Mutumin da hanyar maniyyinsa ta toshe sakamakon tsohon ciwon sanyi, wannan sakamako bai shafe shi ba ko kaɗan.

Na uku, ɓera mai rarar maniyyi ne. An daɗe da sanin cewa ana iya rage masa ƙwayoyi da kusan kashi 90 cikin ɗari ya ci gaba da yi wa mace ciki. Ɗan Adam ba shi da wannan rara. Wannan na yanka ta fuska biyu: ƙarin kashi 20 a ɓera ba ya nufin ƙarin 'ya'ya, sannan tsiron da aka ce "bai hana ɓera haihuwa ba" yana iya cutar da mutumin da dama ƙwayoyinsa na bakin iyaka. Ga shi kuma kaɗan ne cikin binciken ke kaiwa ga gwajin da ya fi muhimmanci, wato a haɗa namiji ɗaya da mata biyu, a tabbatar an sadu, a jira kwana 21 zuwa 23, a ƙirga 'ya'yan. Ba kasafai kuma ake ware rukunin da za a daina ba magani a jira wata biyu a ga ko jiki ya koma daidai ba.

Sai batun adadi. Ba a ɗaukar miligiram ɗin ɓera a ninka da nauyin mutum kai tsaye, domin jikin ƙaramar dabba ya fi saurin sarrafa magani. Ƙa'idar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 2005 ita ce a raba adadin farin ɓeran gwaji da 6.2 a samu na mutum a kan kowane kilo. Da wannan lissafi kai ma za ka iya auna duk wani labari da ka gani.

Bakin gagai

Wannan shi ne misali mafi kusa da mu. Sunansa na kimiyya Fadogia agrestis, kuma sunan da ya yi a duniya ya samo asali ne daga wani bincike na Jami'ar Ilori da aka wallafa a 2005. An ba ɓeraye tataccen ruwan karan tsiron, miligiram 18 da 50 da 100 a kan kilo, sai aka ga sinadarin mazantaka, wato testosteron, ya tashi a jini, ɓerayen kuma sun ƙara yawan hawan mata. Wannan rabin labarin shi ne masu talla ke ɗauka. Ɗaya rabin kuwa, masu binciken nan dai sun ci gaba da aikin, suka ba da waɗannan adadi na kwana 28, suka wallafa a 2008 cewa an samu sauye-sauyen da ke nuna lahani ga aikin maraina, kuma ƙaramin adadin ne ya nuna alamar farfaɗowa bayan an daina. Wani aikin nasu ya nuna alamun taɓuwar hanta da ƙoda.

Yi lissafin da kanka. Miligiram 50 a raba da 6.2 ya ba da kusan 8, a ninka da kilo 70 ya zama kusan miligiram 565 a rana. Kafson bakin gagai da ake tallatawa a intanet yawanci miligiram 300 zuwa 600 ne. Ƙarfin tatacce ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma dai adadin da ake sha bai yi nisa da wanda ya taɓa marainan ɓera ba. Mai neman haihuwa ya nisance shi, wannan shi ne ra'ayina.

A nan ne kuma ya kamata a warware wani ruɗani da ya yi mana katutu. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, haihuwa daban. Akwai mai cikakken kuzari wanda babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa, akwai mai rauni da ƙwayoyinsa lafiya lau. Kauri ko yawan ruwan maniyyi ma ba ya nuna komai a ido, domin mafi yawan ruwan daga wasu gaɓoɓi yake fitowa, ƙwayoyin kansu ɗan ƙaramin kaso ne. Hatta testosteron ɗin da ake ta kambamawa, idan aka yi wa namiji allurarsa daga waje, ƙwaƙwalwa takan daina aika wa maraina umarnin aiki, ƙera maniyyi ya ragu ko ya tsaya cak. An ma gwada shi a matsayin maganin hana haihuwa na maza. Ƙari a kan haka, hukumomin kula da magunguna a ƙasashe daban-daban sun sha gano sinadarin sildenafil, wato na cikin Viagra, a ɓoye cikin kayan da aka rubuta musu "tsantsar gargajiya". Lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar maganin gargajiya ma, galibi shaidar an duba rashin cutarwarsa ce a matakin farko, ba shaidar yana warkar da abin da aka rubuta ba.

Aya da dabino abinci ne, ka ci abinka. Akwai gwaje-gwajen ɓeraye da suka nuna sun ƙara sha'awa ko yawan ƙwayoyi, amma suna fama da matsalolin da na lissafa, kuma kofin kunun aya ba zai buɗe toshewa ba. Tsidau ma ya yi suna a gwajin dabbobi, da aka gwada shi a kan maza masu lafiya bai ɗaga testosteron ba.

Waɗanda ake cewa suna rage haihuwa

A wannan ɓangaren shaidar ta fi ƙarfi, kuma tarihi ya nuna gargaɗin dabba yakan tabbata. Angurya na ɗauke da wani sinadari mai suna gosifol. A ƙasar Sin an lura da ƙarancin haihuwa a yankunan da ake girki da ɗanyen man angurya, gwajin dabbobi ya tabbatar da dalilin, sannan a shekarun 1970 aka ba dubban maza shi a matsayin maganin tazarar haihuwa, miligiram 20 a rana a farkon shan. Ya yi aiki sosai. Abin da ya kashe shirin shi ne wasu sinadarin fotasiyam ya ragu a jininsu har gaɓoɓi suka saki, wasu kuma haihuwarsu ba ta dawo ba bayan sun daina. Man angurya da aka tace a masana'anta an cire masa wannan sinadari. Masu kiwo dai su kula: yawaita dusar angurya ga rago ko bijimin da ake son ya yi barbara yana rage ingancin maniyyinsa.

'Ya'yan gwanda ma an yi aiki mai zurfi a kansu, musamman a Jami'ar Rajastan da ke Jaifur a Indiya. A wani bincike na 2002 an ba birai tataccen 'ya'yan gwanda da aka janyo da kulorofom, miligiram 50 a kan kilo kullum, cikin kusan kwana 90 ƙwayoyin maniyyinsu suka ƙare, bayan an daina kuma suka dawo cikin 'yan watanni. Biri ya fi ɓera kusanci da mu, don haka wannan gargaɗi ne mai nauyi. Naman gwanda ba shi aka gwada ba, sha abinka. Amma al'adar haɗiyar cokalin 'ya'yanta kullum don tsutsar ciki ko "wankin ciki", mai neman haihuwa ya ajiye ta.

Zoɓo kuwa an yi masa ƙazafi. Binciken da ake yawan kafa hujja da shi, na 2004, ya ba ɓeraye giram 1.15 zuwa 4.6 a kan kilo na tsawon mako 12, kuma raguwar ƙwayoyi ta fito fili ne a babban adadin. A lissafin nan namu, giram 4.6 ya kama kusan giram 52 na tatacce kullum ga mai kilo 70, har wata uku. Ƙullin zoɓon da ake sha da rana bai kama ƙafar wannan ba.

Dogonyaron da kake sha yana tsakiya. Gwaje-gwaje da dama a ɓeraye sun nuna ganye da ɓawo da mansa suna rage yawa da motsin ƙwayoyin maniyyi idan aka ɗauki makonni ana bayarwa, kuma galibi abin na komawa daidai bayan an daina. Shan jiƙo na kwana biyu ko uku sau ɗaya a damina da wuya ya zama shi ne sanadin shekara uku. Mai shan sa kullum da sunan rigakafi shi ne ke cikin haɗari. Akwai ma abin da ya fi jiƙon muhimmanci a labarinka: zazzaɓin kansa. Zafin jiki mai tsanani yana rage ƙwayoyin maniyyi har na wata biyu zuwa uku bayan an warke, saboda maraina na buƙatar sanyin da ya gaza na jiki da digiri biyu zuwa uku. Idan zazzaɓi ya zo, a yi gwajin jini, in maleriya ce a sha cikakken maganin asibiti na kwana uku a kashe ta da wuri. Wannan ya fi kare maniyyi a kan a yi mako ana fama da jiƙo.

Matakin da ya dace da kai

Amsa daga nesa ba ta iya gano matsalar mutum, kuma babu ɓeran da zai gaya maka halin da naka maniyyin yake ciki. An duba uwargida, saura kai. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da jinkirin haihuwa akwai hannun namiji a matsalar, kuma gwajinsa ya fi na mace sauƙi da arha. Ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da manyan ɗakunan gwaji na cikin gari.

Za ka ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7, ka zuba maniyyin gaba ɗaya a kwalbar da za su ba ka. Kada a yi amfani da kwaroron roba na kasuwa, yana kashe ƙwayoyin. Idan ɗigon farko ya zube a waje ka faɗa musu, domin a nan mafi yawan ƙwayoyin suke. In a gida ka tara, ya isa ɗakin gwaji cikin awa ɗaya, kwalbar na aljihun da ke manne da jikinka. Wanda ya rataye ta a leda ya hau babur da sanyin safiyar Jos zai samu sakamakon ƙarya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa iyakar ƙasa a mililita 1.4 na ruwa, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita ko miliyan 39 gaba ɗaya, kashi 42 masu motsi, kashi 30 masu tafiya gaba, da kashi 4 masu cikakkiyar siffa. Faɗowa ƙasa da waɗannan ba hukuncin rashin haihuwa ba ne, kuma ba a yanke magana da gwaji ɗaya. Ana maimaitawa bayan kusan wata uku, musamman in an yi zazzaɓi kafin na farko.

Idan sakamako ya nuna rauni, likitan mafitsara da al'aurar maza zai duba abubuwan da aka san suna jawo shi: kumburin jijiyoyin jini a jakar maraina, wanda ake gyarawa da ƙaramin aiki, toshewa daga ciwon sanyin da ba a yi wa magani da kyau ba, hangum da ya sauka maraina bayan balaga, marainan da bai sauko ba tun yarinta, ciwon suga, taba, tiramadol, da matsalar sinadaran jiki da gwajin jini ke nunawa. Ranar da za ka je, ka tafi da duk kwalba da ƙullin garin da kake sha ko ka sha a watanni ukun da suka wuce, har da na basir da na sanyi, ka faɗi sau nawa kake sha a rana. Ka kuma dakatar da su tun yanzu, domin gwajin da za a maimaita nan da wata uku ya nuna ainihin abin da jikinka ke ƙerawa.